Burodin Tanti Balki ya dawo, daga cikin turmi

Jama'a, yau da safe ina cikin jera atamfofi a rumfa aka miƙo mini leda mai ɗumi. Tun ban kwance ba ƙamshin madara ya ba ni labari. Burodin Tanti Balki ne.

Wallahi zama na yi a kan dila.

Wanda bai san ta ba, ita ce matar nan ta bayan tashar Gaya mai yin burodin madara irin na ƙasar Tailan, wanda ake yagarsa zare-zare don laushi. A waya ta koya, wajen wata mata 'yar can da Tanti ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarenta. Na taɓa tambayarta yadda suke fahimtar juna, ta ce ita ba baki take kallo ba, hannu take kallo.

Ba ta da injin, ba ta da tanda. Tukunya ce, yashin bakin kogi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Ni kun san ni, kasuwa ta koya mini zargin kyauta. Amma duk ranar da zan ƙetara gada zuwa Malanbil ta ƙasar Benin saro kaya, sai matar nan ta cusa mini guda a jaka, wai kar yunwa ta sa in yi mugun ciniki. Ba ta taɓa neman ko ƙyalle a wajena ba.

Bayan ƙaramar salla babur ɗin kabu-kabu ya kayar da ita, wuyan hannun dama ya karye. Ƙashi ya haɗe, yatsu suka ƙi damƙa. Shi kuwa burodin nan duk sirrinsa murza ne. Sai an murza kwaɓin har in an ja shi ya yi shara-shara, ana hango yatsa ta bayansa bai yage ba. Hannu ɗaya ba ya wannan aiki. Kuma da burodin take riƙe da gida tun da ciwon ido ya raba maigidanta da tuƙin kamiyo, babbar motar kaya.

Zuwana na baya na tarar ta kife tukunyar a bayan ɗaki. Na yi ta zuba surutu irin nawa don ta yi dariya. Ta bari na gama, ta ce: "Ƙanwata, ɗauki tukunyar nan ki tafi da ita. Ganinta yana damuna."

Na ce rumfata ba wurin ajiya ba ce. Sai da na fita waje na share ido.

To yau rufe rumfar na yi, ciniki ya jira. Tun daga ƙofar gidanta nake jin daka.

Turmin sakwara ne!

Ta shafe cikinsa da man shanu, ta zuba kwaɓin, maƙwabtanta mata suna kirɓawa, ita tana gefe tana juya shi da hagu, tana ba da oda kamar shugabar leburori. Wai wata rana tana zaune tana kallonsu suna kirɓa doya, ta ga yadda take danƙo, ta ce me zai hana a gwada. Gwajin farko ya fito kamar bulo, ta ce har awakin gidan sun shinshina sun wuce.

Na yau kuwa da kaina na ja kwaɓin a hasken rana. Ya miƙe, bai yage ba. Na saki guɗa, ni da ban iya ba, suka yi ta mini dariya.

Hannun dai yana nan yadda yake. Da hagu ta miƙo mini shayi, na daman yana kwance a cinyarta. Mako mai zuwa za ta Dosso wajen likitan ƙashi, shi zai faɗa ko yatsun za su dawo.

Ya Allah, kai ka buɗe mata wannan hanya, ka buɗe mata yatsun nan. Ka saka wa matan da suka ɗauki taɓarya dominta.

Ku da kuke karantawa, ko ba ku taɓa ɗanɗana burodinta ba, ku sa ta a addu'a bayan salla. Balkisa sunanta. Hannun dama ne.