Shari'ar Dutsen Lazawardi

Har gobe ba zan manta da ranar da aka gurfanar da Alhaji Ɗanladi na Kausani ba. A farkon shekarun 1950 ne, ina magatakarda a kotun alkalin Wudil. Aikina in rubuta maganar kowa, in kuma adana kayan shaida.

Wani marini daga Utai, Malam Sale, shi ya kawo ƙara. Ya saya wa matarsa tsakiyar wuya, wato sarƙar duwatsu shuɗɗa, a hannun Alhaji, wanda bai daɗe da dawowa daga Makka ta ƙasa ba. Matar ta yi gumi, wuyanta ya rine.

"Allah gafarta Malam, shuni ne," in ji Sale. "Ko sunan da ya laƙaba wa dutsen, wai lazawardi, ƙirƙira ce."

Alkali ya ce, "Sunan kam yana cikin littattafai. Larabawa sun aro shi daga Farisawa, asalinsa sunan wani wuri ne a duwatsun Afganistan inda ake haƙo shi. Saura mu gwada dutsen."

Daga baya na ji cewa Turawa ma can suka samo nasu sunan, lapis lazuli.

Aka kawo ruwan zafi da farin ƙyalle, na riƙa goge duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ke tsakiya, masu ɗigo-ɗigo kamar zinariya, ba su zuba ba. Sauran kuwa suka ɓata ƙyallen. Na saci kallon Alhaji, ko gezau bai yi ba.

"Haka na saya a Jidda," in ji shi. "Ni ma cutata aka yi."

Ba shaida, don haka doka ta kai ga rantsuwa. Alhaji ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Alkali ya soke cinikin, ya sallame shi bai je gidan yari ba.

Ina tattara duwatsun na lura da zaren da aka shirya su da shi. Kaɗin gida ne, irin na matan ƙauyukanmu, ba na Jidda ba. Na nuna wa alkali.

Ya ce, "Na gani. Zare yakan tsinke a hanya a sauya shi. Ya rantse, ka rubuta haka."

Na rubuta, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da nake gaya wa yaran da ke kama aikin nan ke nan: za ka yi zargi, wani lokaci har ka mutu da shi, amma abin da ya tabbata kaɗai ake rubutawa.