Tafarnuwar Shekarar da Na Bar Aiki

Shekarar da na yi ritaya zama ya gagare ni. Na fi shekara talatin ina fita ofis da ƙarfe bakwai, sai ga shi an wayi gari ba inda ake jirana. Da safe sai in yi wanka, in sa kaya, in kafa hula, in fito ƙofar gida in yi tsaye. Wani lokaci in taka har Ƙofar Doka, in kalli masu tafiya aiki suna rububin abin hawa, in juyo. Wayata kuwa ba ta barin aljihuna, domin ranar da muka yi sallama shugaban sashenmu ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, za mu neme ka. Akwai aikin da ba wanda ya san kansa sai kai."

Wata rana matata ta ce, "Malam, tun safe kake zagaya tsakar gidan nan. Kajin ma sun gaji da kauce maka."

Wannan magana ce ta kora ni kangon bayan gidanmu, a nan cikin birni wajen Ƙofar Kuyambana. Ɗakin kakarmu ne da ya rushe tun ina saurayi. Na kwashe ɓaraguzai, na zuba takin tumaki, na ja fangali shida, da sanyi ya fara shigowa na shuka tafarnuwa. Ba don ina sonta a miya ba. An ce mini tana son ban ruwa da kulawa, ni kuwa abin da zai ci mini lokaci nake nema.

Ta yi kyau ƙwarai. Amma tun kafin ganyen ya fara ja nake tona ɗaya in duba, in mayar, gobe in tona wata. Da zafi ya kama, wata Talata na tashi na tuge fangali huɗu gaba ɗaya, na bar biyu da ba su ƙosa ba. Na yanke ganye da saiwa, na wanke kawunan a baho har suka yi fari tas, na ɗura a buhu biyu, na ɗaure baki tam, na jingine su a sito mai rufin kwano. Kafin azahar na gama. Na tsaya ina kallon buhunan cike da jin daɗi, irin wanda nakan ji in na rufe fayil.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune tare da mu. Ta haura tamanin, yanar ido ta rufe mata gani, amma hancinta da kunnenta ba abin da ke wuce su. Bayan kamar kwana goma, ina wucewa ta ƙofar ɗakinta ta ce, "Kai, me ya mutu a sito?"

"Ba komai, Inna. Tafarnuwata ce."

"Kwance ta ka kawo mini."

Da na kwance buhun farko, ɗumi ya bugi fuskata. Kawunan ƙasa sun yi laushi sun yi baƙi, fumfuna ta lulluɓe na tsakiya. Na zazzage a kan tabarma gabanta. Ta laluba ta ɗauki ɗaya, ta matsa, ta kai hanci.

"Wanke ta ka yi?"

"Na wanke."

"Ka yanke mata ganye tana ɗanya, ka yi mata wanka, ka tura ta ƙarƙashin kwano a wannan zafi. Da ni aka yi wa haka, ai da tuni an kai ni." Ta yi dariya har da tari. "Gidan nan ba wanda ya san na yi noman tafarnuwa a garkar ubana kafin a haife ka? Ko tambaya ma ta zama aikin ƙananan ma'aikata?"

Muka wuni muna zaɓe, tana taɓawa tana miƙo mini: wannan a zubar, wannan a ci cikin satin nan. Abin da ya tsira bai cika faifai uku ba. Sau biyar ina miƙewa kamar zan je wani wuri, ita kuma tana cewa, "Zauna, ba a gama ba."

Fangali biyun da suka rage ita ta karɓi ragamarsu. Ta sa na daina ban ruwa har ƙasa ta bushe. Na tuge da sassafe, ban wanke ba, ban yanke komai ba, na karkaɗe ƙasar da hannu kawai. Muka shanya a inuwar rumfa kwana biyar. Sannan ta zauna ta kama ganyen da ya yi yaushi tana kitsa shi kamar kan yarinya, tana ƙara kai ɗaya bayan ɗaya, ba ta gani amma yatsunta ba su ɓata ba. Nawa kitson kwancewa yake yi. Ta ce a rataye su a tsohon soron Baba, na ƙasa mai rufin azara, inda iska ke shiga ta taga kuma rana ba ta leƙawa.

"Sati uku," in ji ta. "Kada ka taɓa."

Ina kan turmi ina rataye na ƙarshe wayata ta yi ƙara. Na ga lambar ofis. Saura kaɗan in faɗo. Wanda ya gaje ni ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi hutu, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, makullin kabad ɗin nan na lungu muke nema."

Na ce ya duba bayan kalanda, akwai ƙusa. Na ji motsi, ya ce ya gani, ya yi godiya, ya kashe.

Na sauko na fita ba tare da na gaya wa kowa ba. Na miƙe hanya cikin rana har gindin dutsen Kufena, ban san abin da na je yi ba, na ɗan tsaya, na juyo. Na iso gida bayan la'asar ƙafafuna sun yi futu-futu. Matata ta kawo ruwa ta ajiye. Inna ta ce, "Su ne?" Na ce su ne.

Sati ukun nan sun yi mini tsawo. Kullum sai na shiga soron sau uku ko huɗu, in tsaya hannuna a baya ina kallon sama. Ran da hadarin farko ya haɗo da yamma, na ruga na hau turmi zan sauke su in kai ɗaki. Inna ta jiyo jan turmin ta ɗaga murya, "Rufe tagar gabas kawai ka fito!" Na rufe, amma ban fito ba. Na zauna a ƙasa har ruwa ya ɗauke, ina sauraron indararo, ina laluben bango ko zai yi yoyo. Bai yi ba.

Da lokaci ya cika, ɓawon ya bushe yana ƙara kamar takarda. Tafarnuwar nan ta kai mu har bayan damina, ko ɗaya ba ta ruɓe ba. Na aika wa yayata kitso biyu, maƙwabta ma sun samu, muka ware manya don iri.

Wata safiya Inna ta sa a daka mata ƙwaya uku da zuma saboda tari. Ta lasa, ta ɓata fuska, ta ce yajin ya yi, amma kawunan ƙanana ne, ƙasar kango ba ta da ƙarfi. Ta ce ƙaninta yana da wata 'yar fadama a bayan gari da ya daina nomawa, in da zan yi masa magana zai ba ni aro.

"Ta wace hanya ake bi?" na tambaya.

"Ban ce yau ba," in ji ta.

Amma na riga na zura takalmi ɗaya ina neman ɗayan.