Rumfar Aku

Shekara goma sha tara Yaya ya yi yana girki a rumfar da ke bayan tashar mota, amma ba a taɓa kiranta da sunansa ba. Rumfar Aku ake cewa. Aku ƙaninsa ne, mai raba faranti, wanda ko albasa bai iya soyawa ba. Baki kawai Allah ya ba shi: gaisuwa da yare bakwai, da tsokana a kowanne.

Dogon teburi ɗaya ne a rumfar. Direbobi, ma'aikatan asibiti, magina baƙi da yaren garin bai gama zama a bakinsu ba, kowa Aku sai ya zaunar da shi kusa da wanda bai sani ba. "Matsa masa, surukinka ne!" Sai a kwashe da dariya. Har aure biyu aka ƙulla a teburin nan.

Yaya yana jin komai ta tagar kicin, hayaƙi na cin idonsa. In wani ya ce, "Aku, miyarka ta yau ba magana," sai ya buga ludayi a bakin tukunya.

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi," ya ce wa matarsa.

"To ka fito mana. Wa ya ɗaure ka?"

Da Aku ya faɗi da babur ya karye, Yaya ya yi sammako ya gama girki, ya sa farar riga ya fito.

"Sabon ma'aikaci ne?" in ji wani direba.

Yaya ya gwada tsokanar ƙaninsa a kan wani magini, mutumin ya dube shi sheƙeƙe ya ɗauke farantinsa. Kafin mako, direbobi sun koma wancan gefe, magina wannan, ba ka jin komai sai ƙarar cokali.

Ran Asabar masu cin abincin suka haɗu su goma sha biyu za su je dubiya, suka ce a zuba musu abincin da za su kai wa Aku. Yaya ya zuba yana ƙunƙuni, ya ƙara nama uku.

"Ku ce masa ni na dafa."

Wata nas ta zaro ido. "Au, Baba, da ma kai ke dafawa?"

Aku ya dawo da sanda, teburi ya sake cika da surutu, Yaya ya koma murhunsa. Sai dai yanzu nas ɗin kan leƙa tagar ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Ranar da ta manta, gida ba ya zaman lafiya.