Bindigar Baba Allura Mai Harbin Gefe

Matso nan kusa ɗan'uwa, kakkaɓe bencin nan ka zauna. Ke ma 'yar'uwa ajiye abin da ke hannunki, ba guduwa zai yi ba. Labarin wani dattijo mai gyaran takalmi zan ba ku, mutumin da ban taɓa jin ya zagi kowa ba, amma in ka taɓa shi, sannu a hankali zai sa ka gwammace da zagin ka ya yi.

Baba Allura ake ce masa. Rumfarsa na ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti, wuri ne da in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo titi. Hannunsa ne ya jawo masa wannan laƙabi. Gemu ya yi fari fat, amma yana hira da kai zai zura zare a kafar allura, ba tabarau, ba ko dubawa. Da hannun nan ya rufa ɗaki, da shi ya aurar da 'ya'ya, kuma in kana son ganin haƙoransa, to yabi hannun.

Yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko wurin ubangidan da ya koya masa sana'a. Duk takalmin da ya gyara sai ya sa tsinin basilla ya yi masa 'yan ɗigo kamar sawun tsuntsu, a can inda ido ba ya kaiwa, don kada wani ya kawo ɗinkin wani ya ce nasa ne ya ɓalle. Abin ya bi jikinsa har ya wuce takalmi. Rediyonsa na da sawun tsuntsu, kujerarsa na da shi, har ludayin matarsa bai tsira ba.

"Ni kaɗai na rage ba ka huda ba a gidan nan, Malam," in ji ta.

"Ke ai ba mai musanya min ke," in ji shi.

Bayan hannunsa, ba abin da yake ji da shi kamar tantabarunsa. Yayansa ne ya bar masa guda biyu kafin ya rasu, suka yi ta haihuwa har suka cika akurkin da ya kafa musu a bayan gida. A cikinsu akwai wata fara sol da yake kira Fara, wadda kusan duk garken 'ya'yanta ne da jikokinta. Ita kaɗai ke sauka a kafaɗarsa ta ci tsaba a tafin hannunsa.

Ana nan sai gafiya ta gano akurkin. Yau a wayi gari ba ƙwai, gobe a tarar da fikafikan ɗan tsako a ƙasa.

"Malam, ka samo siminti ka toshe ramin nan, ka kewaye akurkin da raga," in ji matarsa.

"In toshe ta haƙa wani? A'a. Gawarta nake son gani."

Shi ya sa ya wanke ƙafa ya tafi wani babban shago a bakin titi, mai ƙofar gilashi, inda ake sayar da kayan farauta da na kamun kifi. Manajan shagon mutum ne mai tumbi da ƙamshin turare, motarsa kullum tana fake a lungun da ke gefen shagon, tana sheƙi. Ya ciro wa Baba bindigar iska daga kwali, irin wadda ake karyawa a saka mata 'yar ƙwayar dalma. A jikin kunamarta an rataya wata koriyar alama.

"Ɗana, a ɗan gwada min ita mana in gani," in ji Baba.

Manaja ya yi murmushi. "Haba Baba, nan ba gwanjo ba ne. Ka ga koriyar alamar nan? Tun a kamfani aka gwada ta. Ƙuda za ka iya harbowa da ita."

Baba ya biya ya rungumo kwali. Da yamma yana zaune yana juya ta a cinya, matarsa na yi masa mitar siminti, hannunsa kuwa ya lalubo basilla ya yi abin da ya saba a ƙarƙashin katakon gindinta. Shi kansa bai san ya yi ba.

Washegari da sassafe ya laɓe a bayan randa. Ga gafiya ta fito, ƙatuwa, ta hau katanga ta tsaya tana share gashin baki. Fara na kan sandarta, can gefen hagu, da tazarar da ta fi kamu guda. Baba ya saita, ya riƙe numfashi, ya ja kunama.

Fara ce ta faɗo.

Gafiya ta dube shi, ta juya ba gaggawa, ta shige raminta. Baba ya ɗauki tsuntsuwar tana ɗumi, jini na bin farin gashinta yana sauka a yatsunsa. Ya binne ta a gindin katanga, sannan ya ɗaure bindigar tamau da igiya a kan benci yadda hannu ba zai motsa ta ba, ya kafa kwali a gabanta ya yi ta harbi. Duk ƙwayar da ta fita sai ta kauce hagu, kamar an aike ta can.

Ya koma shago. Manaja ya ce su sayarwa kawai suke yi, sai dai Baba ya kira layin kamfani. Baba ya kira. Aka sa masa kiɗa a kunne har wayar ta yi zafi, wata murya tana ta gaya masa kiransa na da muhimmanci a wurinsu. Da aka ɗauka, wata ta tura shi wurin wani, wanin ya ce ya turo hoto, da ya tura aka ce hoto ba ya nuna karkata, ya mayar inda ya saya. Inda ya saya suka ce kamfani. Haka suka yi ta buga shi kamar ƙwallo, takalman mutane na taruwa a rumfa.

Ran nan ya sake zuwa, shago cike da masu sayayya. Manaja ya gaji da ganinsa, sai ya dafa kafaɗarsa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, mu gaya wa juna gaskiya. Shekaru sun ja. Bindiga lafiyarta ƙalau, hannunka ne ke rawa."

Aka yi dariya. Ba wata dariya mai yawa ba ce, amma ta riga Baba isa unguwa. Mai aski ya tare shi da, "Baba Allura, an ce yanzu Baba Rawa za mu koma cewa?" Wannan wasa ne, ya haɗiye. Wanda bai haɗiyu ba shi ne na wani malamin makaranta da ya shekara da shekaru yana kawo masa aiki. Ya zo da takalmin fata, ya ce, "Baba, ɗinkin nan siriri ne, ko in kai wa wani? Kada in wahalar da kai." Ya tafi da takalminsa.

Daga baya dai Manaja ya ce to, don a zauna lafiya, Baba ya kawo bindigar a canza masa. Ya karɓa ya ce ya dawo wani mako. Da ya dawo aka miƙo masa sabon kwali, an naɗe bindiga a leda, ga sabuwar koriyar alama tana lilo. Har godiya Baba ya yi. Ya isa gida ya zare ledar, ya juya gindin bindigar, sai ga sawun tsuntsu yana kallon sa.

Goge ta kawai suka yi da mai, suka sake mata kwali.

Matarsa ta ce tun da take da shi ba ta taɓa jin ya yi irin dariyar da ya yi ranar ba, dariya ba sauti, sai kafaɗu ke motsi.

"Malam, ka bar su da Allah. Jiya ma an ɗauke 'yan tsaki biyu. Ka zo mu toshe ramin nan."

"Zan toshe. Bari in fara toshe na mai tumbi."

Da gari ya waye ya kulle rumfarsa ta ƙarƙashin bene, ya ɗora benci da akwatin aiki a baro, ya je ya kafa a gindin wata bishiya daidai ƙofar shagon, titi kawai ya raba su. Ya jingine bindigar a kwalinta kusa da shi. Duk wanda ya nufi ƙofar gilashi sai ya ji murya mai taushi:

"Ɗana, zo in goge maka takalmi, kyauta ne."

Wa zai ƙi? Yana gogewa yana ba da labarin Fara, tiryan-tiryan, ba ƙari ba zagi. In ya gama sai ya juya gindin bindiga ya nuna sawun tsuntsu, ya cire takalmin ƙafarsa ya nuna irinsa, ya ce, "Shiga ka yi sayayyarka, ban hana ka ba. Amma ka ce a gwada maka a gabanka." Wasu su shiga su fito hannu wofi. Wasu daga nan gindin bishiya suke juyawa.

Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, bai tashi ba. Yana fita tun tantabaru ba su sauko ba, ya dawo sun shige. Matarsa ce ke watsa musu tsaba, ita ce kuma ke share fikafikai.

"Malam, sun fara ƙin kwana a akurki."

"Saura kaɗan," in ji shi.

Manaja ya tsallako titi da kansa, fuska ba annuri. "Baba, kawo bindigar ka karɓi kuɗinka, ka tashi daga nan."

"Ba kuɗi na zo karɓa ba, ɗana. A gaban mutane ka ce hannuna na rawa. A gabansu za ka ce ƙarya ka yi."

"Allah ya kiyaye."

"Amin. To sannu da aiki." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ranar da abin ya fashe, wani mai gonar shinkafa ne ya zo sayen bindigogi da yawa don korar tsuntsaye. Babban ciniki ne, Manaja har ƙofa ya fito tarbarsa. Amma takalmin mai gona ya riga ya sha goga a gindin bishiya.

"Manaja," in ji mai gona, "tsohon nan ya ce bindigarku na harbin gefe, kai ka ce hannunsa ne. Abu mai sauƙi. Ga bindigar, ga ka, hannunka lafiya lau. Harba mu gani."

Mutane suka fara taruwa, masu shaguna, direbobi, har mai aski da ya biyo sawu don kallo. Manaja ya duba hagu ya duba dama, ba hanyar zillewa. Wataƙila ma shi kansa ya yarda da koriyar alamar, don bai taɓa harba ko ɗaya daga cikin abin da yake sayarwa ba. Baba ya tashi a natse, ya shiga lungun gefen shago inda ba kowa, ya rataya murfin gwangwanin man takalmi a bangon ƙarshe. Sai da ya auna da ido sosai kafin ya zaɓi ƙusar da zai rataya shi, daidai yadda motar Manaja za ta kasance a hagu.

Manaja ya cire agogo, ya gyara tsayuwa, ya kanne ido ɗaya. Ya ja kunama.

Tas! Fitilar motarsa ta tarwatse, gilashi ya zube a ƙasa. Murfin gwangwani ko motsi bai yi ba.

Aka kwashe da dariyar da har a ƙarshen titi an ji. Baba ya tako a hankali, ya dafa kafaɗar Manaja daidai inda shi ya taɓa dafa tasa.

"Ɗana, mu gaya wa juna gaskiya. Hannunka ne ke rawa."

Sannan ya ciro allura da zare daga aljihu, ya ɗaga sama, ya zura yana kallon idon Manaja. Mai gona ya shiga motarsa ya tafi. Mai aski ya riƙa ihu, "Allura! Allura!" har ya tura masa baron zuwa gida.

Baba ya shiga gida yana kiran matarsa tun daga zaure, bakinsa cike da labari. Ya same ta a bayan gida tsaye da tsintsiya. Akurkin kawai ta nuna masa. Ƙofofi a buɗe, sheƙuna a wargaje, ramin gafiya ya zama ramuka. Waɗanda ba a cinye ba sun gaji da firgita sun canza gida. Wani tsohon namiji kaɗai ya rage a kan sandar Fara, ya takure.

A ranar ya sayo siminti da raga. Ya toshe ko'ina tsaf, aiki mai kyau, har da sawun tsuntsu a jikin ɗanyen simintin.

Yau in ka bi ta ƙarƙashin benen nan za ka same shi. Malamin makaranta ya dawo da takalmansa, ba mai ce masa Baba Rawa ko da wasa. Shagon gilashi na nan, sai dai yanzu ba mai sayen bindiga a can sai an gwada masa a lungu, Manaja kuwa ya daina fakin a wurin. Bindigar tana rataye a saman rumfa, kuma in ka tambaya zai ba ka labarin fitilar mota yana dariya har da hawaye. Amma kada ka tambaye shi tantabarun yayansa, don sai ya sunkuyar da kai ya ce zare ya ƙare masa.

Matarsa ta ce gafiya ce ta ci riba. Mai aski ya ce ko shi ne abin da zai yi ke nan. To kai da ka zauna ka ji, da kai aka dafa wa kafaɗa a gaban jama'a, gindin bishiyar za ka tafi, ko gida wurin akurki?