Ƙashin da Yatsun Andrawus Ba Su Kai Ba

A ƙauyukan da ke bayan Randagi, idan mutum ya karye ba a tsayawa shawarar inda za a kai shi. Gidan Andrawus ake nufa, ko a kan babur, ko a kan ƙyauren ɗaki ƙarti huɗu na ɗauke da shi. Ɗori gadonsa ne. Kakansa ya yi, ubansa ya yi, shi ma ya buɗe ido ya tarar da shi a tsakar gida. Da noman dawa da doya yake ciyar da gidansa, ɗori kuwa ba ya karɓar komai a kansa, sai dai in ka warke ka kawo kaza.

Aikinsa duk a yatsu yake. Zai rufe ido ya bi ƙashi da babban yatsa a hankali, kamar mai tsince tsakuwa cikin wake, har ya tsaya daidai inda ya rabu. Sai a danne mutum, ya ja, ya haɗa, ya shafa man kaɗe, ya jera tsagaggen gora ya ɗaure. Ya ɗora makiyayan da shanu suka tattake, da 'yan acaɓa, da masu haƙar zinariya da rami ya rufta musu. A faɗi gaskiya, mutumin ya iya. Matsalar ita ce ya san ya iya. Ka kuskura ka ambaci hoton ƙashi na asibiti a gabansa, sai ya ja tsaki ya ɗaga maka yatsu goma, ya ce, "Ga nawa hoton nan."

Matarsa Lydia ita ce mai danne masa mutane shekara arba'in. Gajeriyar mace ce mai ƙarfin tsiya. Ita ke tafasa ruwa, ita ke tsaga gora, kuma in mutum ya fara kururuwa sai ta dinga rera masa waƙar coci a kunne, ko da kuwa limami ne.

A daminar da 'yan bindiga suka hana kowa leƙa gonakin cikin daji, sai mutane suka koma noma 'yan filayen bakin rafi. Wata ranar Talata Lydia ta saɓo doya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, santsin dutse ya kwashe ta, ta faɗi a kan kwankwasonta na dama. Lokacin ta haura sittin. Aka kawo ta gida, kafin a shimfiɗe ta tsakar gidan ya cika, don kowa na son ya ga maɗori zai ɗora matarsa.

Andrawus ya durƙusa ya rufe ido. Ya bi idon sawu, ya bi ƙauri, ya bi gwiwa, ya bi cinya. Duk lafiya lau. Ita kuwa matsematsinta take nunawa, gumi na zuba. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Babu karaya. Targaɗe ne."

Maganin targaɗe a wurinsa sananne ne: gashi da ruwan zafi, murza, ja, sai tafiya don kada jijiya ta sandare. Kullum safe zai kama ƙafar ya ja, ya miƙa mata sanda. Takan yi taku uku ko huɗu tana cije leɓe, shi kuma ya ce, "Kin gani? Karyayye yana takawa?" A rana ta tara tana cikin takawa ta zube. Da aka kwantar da ita, ƙafar ta kwanta ta waje, ta kuma fi ɗayar gajarta.

'Yarsu Mary, wadda ke aiki a wani kemis a Birnin Gwari, ta hau babur ta zo. Kallo ɗaya ta yi wa ƙafar ta ja ubanta bayan rumbu.

"Baba, don Allah a kai Mama a ɗauki hoto."

"Hanyar Kaduna ce za ta biyu yanzu?"

"Ana bi da rakiyar sojoji, Baba."

Sai ya faɗi ainihin abin da ke cin sa. "Ni in ɗauki matata in kai asibiti a kan targaɗe? Gobe wa zai kawo mini ƙafarsa?"

Abin takaici, babu wanda ya mara wa Mary baya. Wa ya isa ya koya wa Andrawus ƙashi? Maƙwabta na shigowa sannu, suna fita suna cewa ai tana hannun gwani. Shi kuwa tsoro ya riga ya shige shi, yana ɓoyewa. Har gora ya jera ya ɗaure a cinyar da babu abin da ya same ta. Haka Lydia ta yi mako shida a kwance. Bayanta ya sassaɓule ya zama gyambo, tari ya kama ta, macen da ke danne ƙarti ta koma ba ta iya ɗaga kofi. Ranar da ta kasa juyawa da kanta, shi da bakinsa ya ce a nemo mota.

A wani asibiti a Kaduna, likita, wata matashiya sa'ar Mary, ta ɗaga hoton a jikin taga ta kira shi. Ta nuna masa inda kan ƙashin cinya ke shiga kwankwaso. Wuyansa ne ya karye.

"Yatsa ba ya kaiwa nan, Baba," in ji ta. "Nama ya rufe shi. Da farko tsagewa ya yi bai rabu ba, shi ya sa ta iya takawa. Da an kawo ta a makon, da ƙusoshi za mu sa mu riƙe shi."

"To, me ya raba shi?"

Likitar ta sauke hoton. "Jan da tafiyar."

Ta ce yanzu jini ya daina kaiwa kan ƙashin, ya mutu, sai dai a cire a sa na ƙarfe. Amma ba za a yi wa mai gyambo da ciwon ƙirji irin wannan aiki ba, sai ta yi ƙarfi. Suka yi wata biyu suna jiran ƙarfin, bai zo ba, aka sallame su da magunguna.

Yanzu suna zaune a ɗakin Mary a Birnin Gwari. Lydia ba ta sake takawa ba, kuma kowa a gidan ya san ba za ta sake ba. Har yau ana biyo Andrawus da karyayyu, yana aikawa a ce ba ya nan. Shi ke mata wanka, shi ke juya ta, baƙin ciki ya cinye shi ya bar ƙashi da fata.

Wata rana da la'asar yana wanke mata gyambon, sai hawaye ya ƙwace masa.

"Maman Mary, ki yafe mini. Allah ya sani ban san karaya ba ce."

Ba ta buɗe ido ba. "Ni na sani," in ji ta. "Tun a bakin rafi na ji lokacin da ya tsage."

Tsumman da yake wankin da shi ya suɓuce daga hannunsa. "Kin sani? Me ya hana ki faɗa?"

"Ka riga ka faɗa a gaban mutane, Baban Mary. Da wane baki zan ce ba haka ba ne?"

Ta yi tari mai tsawo, ya tallafe mata kai har ya lafa. Sannan ta ce ya juya ta, wannan gefen ya gaji.