Burodin da Liman Ya Ci a Bakin Tasha

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta, amma abin da ya faru a gidan burodinmu na Jibiya yana nan a raina har gobe. Lokacin ina sabon manaja, kawuna ya danƙa mini wurin ya koma gona a Gangara. Yarinta da ɗoki sun sa ina ganin babu abin da na jahilta.

Mai kwaɓa mana fulawa wani dattijo ne Kirista, Bahaushe daga kudancin jiharmu. Baba muke ce masa. Hannunsa ne ya yi wa gidan suna, har direbobin da ke tsallakawa Maraɗi kan cika leda su kai wa iyalansu tsaraba. Ranar Lahadi da safe yakan tafi coci, babu wanda ya taɓa ɗaga masa gira.

Kwatsam sai magana ta tashi a tasha, wai burodinmu bai halatta ba tunda ba Musulmi ke kwaɓawa ba. Har yau ban san bakin da ya fara furta ta ba. Cikin mako guda masu shayi uku suka daina ɗauka, burodi ya riƙa bushewa a kan katako.

Tsoro ya kama ni. Na kira Baba gefe, na miƙa masa sabuwar hula, na ce, "Baba, ka taimake ni. Ka riƙa sa wannan, in an kira salla ka bi mu masallaci ko don idon mutane. In ba haka ba, sai dai mu haƙura da juna."

Ya juya hular a hannunsa, ya yaba ɗinkinta, sannan ya mayar mini. Ya ce, "Manaja, in na shiga sahu ina yi muku ƙarya, na raina sallarku, na raina tawa ibadar. Aikin nan da shi nake ciyar da 'ya'yana, amma wannan kam ba zan iya ba."

A lokacin na ɗauka taurin kai ne. Yanzu in na tuna, kunya ce ke rufe ni.

Bayan sallar asuba washegari na tsaya na faɗa wa limamin masallacin tasha komai, ina sa ran zai ce na yi daidai. Tsoho ne mai raha, amma ranar bai yi dariya ba. Ya ce, "Wato kai ka so ka mai da masallacina wurin wasan kwaikwayo? Mi mutumin ya yi maka? Ya taɓa sa ƙazanta a kwaɓin?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ya fi mu tsabta duka."

Ya ce, "To je ka, ka ce in burodin farko ya fito shi da kansa ya kawo mini bakin tasha."

Hantsi na ɗagowa, tasha ta cika da direbobi da 'yan acaɓa da masu dakon buhuna, Malam ya zo ya zauna a bencin mai shayin da ya fara juya mana baya. Sai ga Baba da tire a hannu, fulawa har gwiwar hannunsa, ni kuma ina biye kamar wanda za a yi wa shari'a. Malam ya matsa masa a benci, ya karɓi burodin, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya tsoma a shayi ya kai baki.

Ya tauna a natse, ya dubi mai shayin ya ce, "Shekara nawa kana ba ni wanga burodi ina ci ina ja muku salla? In haramun ne, ai sai ku fara rama sallolinku."

Wani direban tirela ya fashe da dariya, tasha ta ɗauka gaba ɗaya. Mai shayin ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, wallahi ji na yi ana faɗi." Kafin Malam ya shanye kofinsa tiren ya zama wayam, mutane na cewa a ƙaro. Baba yana dariya yana goge ido da bayan hannu.

A hanyar komawa na tare shi na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya wuce, Manaja. Yi sauri, kwaɓi na biyu zai kumbura ya zube."

Mun ƙara shekaru muna aiki tare kafin ƙarfinsa ya ƙare ya koma garinsu. Tun ranar na gane cewa abin da ke tsakanina da ma'aikaci shi ne aikinsa da amanarsa. Ibadarsa kuwa tsakaninsa ne da Mahaliccinsa, ba ni da ikon sa ta cikin sharuɗɗan aiki.