Karatuna Ya Raba Baba da Maganinsa

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina ɗaliba a jami'a, ina karatun tarihi, kuma ni ce ta farko a gidanmu na unguwar Nima da ta kai nan. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Muna da wata malama da ke koya mana tarihin likitanci: yadda likitocin zamanin mulkin mallaka suka gwada magunguna a jikin baƙar fata, da yadda abin da masana suka rantse a kansa jiya yakan zama kuskure yau. Darasin ya shiga raina, domin kakan Baba sojan Bature ne, mun taso muna jin yadda ake jera su a yi musu allura ba mai neman yardarsu.

Duk ƙarshen mako in na dawo gida na sauka daga trotro, wato motar haya, sai in baje wa Baba abin da na koyo. Shi kuwa yana da hawan jini, kullum sai ya sha ƙwayarsa bayan karin kumallo. Na manta cewa a unguwarmu maganar ɗan jami'a ba hira ba ce, hukunci ce. Baba ya kwashe zancena ya kai majalisarsu ta shan shayi, yana alfahari wai 'yarsa ta gano asirin likitoci. Abokansa suka ƙara masa gishiri, wani ya kawo masa jiƙo a kwalba daga kasuwar Madina. Da mahaifiyata Mma ta kira ni ta ce ya ajiye ƙwayar, dariya na yi, na ce ta bar shi ya huta, ai likitoci ba su san komai da komai ba.

Wata Juma'a yana dawowa daga masallaci ya yanke jiki ya faɗi a bakin kwata. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. A asibiti likita ya tambayi wanda ya ce masa ya daina shan magani. Mma ta sunkuyar da kai, ni kuma na kawar da fuska gefe.

Na je ofishin malamar ina kuka, niyyata in ɗora mata laifi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta buɗe jaka ta nuna mini irin ƙwayar Baba sak. Ta ce ta tsufa tana tuhumar likitanci, amma ba ta taɓa tsallake shan ƙwayar ba, domin ana tuhumar ilimi ne don a gyara shi, kuma ta sha faɗin haka a aji. Gaskiya ne ta faɗa. Ni ce na ɗauki rabin da ya yi mini daɗi na kai gida.

Har yau ban ce a daina yi wa masana tambaya ba. Amma 'yan'uwana ɗalibai, ku ji tsoron Allah kan abin da kuke kai wa iyayenku. A aji in ka yi kuskure malami zai gyara maka, a gida kuwa aiki za a yi da shi. Yanzu ni nake ba Baba magani, kuma ba ya buɗe baki sai ya dubi fuskata ya ga na gyaɗa kai. Wannan yarda tasa ita ta fi komai ƙona mini rai.